Furta Baƙi Daban, Fahimta Daban: Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Karatun Ɗalibai

Malaman sakandare a Talata Mafara, Bakura da Maradun sun san irin wannan ɗalibi: zai miƙe ya karanta shafi guda ba gargada, amma da zarar an ce ya rufe littafi ya faɗi abin da ya karanta, sai ya yi tsuru-tsuru. Akan ɗora laifin a kan lalaci ko ƙarancin basira. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa matsalar tana wani wuri dabam, kuma tana da magani.

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana fahimtar karatu a matsayin lissafin sau: iya furta baƙaƙe sau fahimtar harshe. Hikimar tana cikin kalmar "sau" ɗin. Idan ɗaya daga cikin biyun ya zama sifiri, amsar ma sifiri ce, komai girman ɗayan. Yaron da ke rattaba Turanci alhali bai san ma'anar rabin kalmomin ba, yana da na farko ya rasa na biyu. Wanda kuwa yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, hankalinsa kan ƙare wajen furuci, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya kuɓuce masa, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda ɗan kaɗan ne. Waɗannan cututtuka biyu ne, kuma kuskure ne a ba su magani ɗaya.

Akwai abu na uku, wato sanin da mai karatu ya zo da shi. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba ɗalibai 64 na ƙaramar sakandare a Amurka wani labari a kan wasan ƙwallon sanda da ake yi a ƙasar. Raunanan masu karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimtar labarin. Dalili shi ne, marubuci ba ya faɗin komai. Yakan bar giɓi, mai karatu ya cike. Alal misali: "Tanko ya buɗe ƙofar ruwa da magariba, barci ya kwashe shi. Gari na wayewa maƙwabcinsa ya kai ƙara wurin hakimi." Babu inda aka ce gona ta yi ambaliya, amma ɗan manomin da ya tashi a filayen ban-ruwa na madatsar Bakolori zai gane nan take. Ɗan birnin da bai taɓa ganin magudanar ruwan noman rani ba yana iya karanta jimlolin sau uku bai ga abin ƙara ba. Haka shi ma ɗan Bakolorin yake ji idan takardar jarrabawa ta kawo masa labarin tashar jiragen ruwa.

A nan ne ɗaliban wannan yanki suke da wata dukiya da makaranta ba ta cika amfani da ita ba. Ƙasarsu gidan makaɗan fada ce. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, asalinsa ƙasar Bakura ne, ya kuma shahara da sunan Maradun. Sa'idu Faru, da ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, kuma ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi tun yana Sarkin Kudu, wanda ya taɓa riƙe Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Yaron da ya saurari irin waɗannan waƙoƙi ya san cewa idan makaɗi ya kira ubangidansa giwa ba dabba yake nufi ba, ya kuma san cewa idan aka kwatanta wani ɗan sarki da mummunar kama ba tare da an ambaci sunansa ba, zambo ake yi wa abokin hamayya. Wannan shi ne nazarin adabi tsantsa. Abin da ya rage kawai a sa masa suna: siffantawa, kamance, habaici, da turke, kalmar da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi amfani da ita ga jigon waƙar baka a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Malamin da ya fara da haddar ma'anar "jigo" da "salo" a allo, ya bar waƙar da yara suka sani a waje, ya ɗauki doguwar hanya. Gara a saurari waƙar tukuna, a tambayi wa ake yabo, wa ake zuga, wace kalma ce ta nuna haka. Sannan a ɗauki tambayoyin nan uku a kai su ga Ruwan Bagaja ko wani littafin da ke cikin manhaja.

Sai dai a kula da karin harshe. Ɗalibin da ke cewa "munka tahi" da "shina zuwa" a gida, zai tarar da "muka tafi" da "yana zuwa" a littafi. Hausarsa ba gurɓatacciya ba ce, ita ce ma mabuɗin waƙoƙin da ake nazari har a jami'a. Amma mai duba takardar jarrabawa daidaitacciyar Hausa yake jira, don haka dole a nuna wa yaro bambancin a fili.

Game da bita kuwa, al'adar maimaita karatu har a gaji ba ta da amfanin da ake zato. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗaliban jami'a: wasu suka sake karanta rubutu, wasu suka rufe shi suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu suka wuce su. Dabarar ba ta bukatar kuɗi: a karanta sakin layi, a kife littafi, a faɗi gundarinsa da jimla biyu, a buɗe a duba abin da aka tsallake.

Yankin yana da bukatar irin waɗannan dabaru masu araha fiye da wurare da yawa. A 2021 an sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka kuma sace wasu a Kaya ta ƙasar Maradun, lamarin da ya sa gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu. Yaran da suke firamare a lokacin, da dama daga cikinsu sun shiga sakandare da giɓi a karatunsu. Kafin malami ya fara bita da aji irin wannan, yana da kyau ya karanta wa ɗalibi labari da baki ya yi masa tambayoyi. Idan ya amsa daidai, matsalarsa ta furta baƙi ce; idan ya kasa, kalmomi da sanin duniya ne ya kamata a fara ƙara masa.