Kifin da Ba Ya Shiga Littafi

Mu mutanen zango ba masunta ba ne. A Nima da Maamobi da wuya ka sami gidan da ke da kwalekwale, amma duk da haka kusan kowace tukunya tana dogara da teku. Amane ƙyafaffe da ake dakawa a zuba cikin shito, ƙananan kifayen da ke shiga miyar tuwo, koobi mai gishiri, duk daga hannun masunta suke fitowa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da 'yan Gana ke samu na gina jiki daga dabba, kifi ne. Saboda haka idan amane ya yi tsada a Kasuwar Mamudu ranar Laraba, a ruwa matsalar ta fara, kuma ba za a gane girmanta ba sai an ƙirga.

Ga yadda ake ƙirgar. Hukumar Kula da Kamun Kifi tana da sashen bincike a Tema. Ba zai yiwu a tsare kowane kwalekwale ba, don ƙidayar 2016 ta sami fiye da 11,000 a gaɓar tekun da ta kai kilomita 550. Sai a zaɓi wasu wuraren sauke kifi, a ajiye ma'aikaci, ya duba abin da wasu kwalekwale suka kawo: irin kifin, nauyinsa, irin komar da aka kama shi da ita. Daga nan a ninka da yawan kwalekwalen da kwanakin da aka fita su. Da wannan lissafi aka tabbatar da abin da tsofaffin masuntan Chorkor da Jamestown suka daɗe suna faɗa, cewa amane ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1990. Da shi kuma aka kafa hujjar rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda, wanda aka fara a 2019.

To amma lissafin yana da ramuka. Mafi girma a shekarun baya shi ne saiko, wato manyan jiragen koma su kama ƙananan kifi, su daskarar da su, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku a kawo Elmina. Wata ƙungiyar kare muhalli ta Birtaniya, EJF, ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kusan tan 100,000 ne suka bi ta wannan hanya ba tare da shiga littafin gwamnati ba. Sakaci wajen hana irin wannan haramtaccen su na cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta sake ba Gana katin gargaɗi a 2021.

Akwai kuma ƙaramin rami da ba a cika maganarsa ba: masu su don nishaɗi. A Ada Foah, inda kogin Volta ya faɗa teku, masu hannu da shuni da baƙi 'yan yawon buɗe ido kan ɗauki hayar jirgi su shiga neman manyan kifaye irin su tuna da marlin. Ga kuma matashin da ke ɗaukar fatsa ranar Lahadi ya zauna bakin ruwa. Ba sa sauke kifinsu inda ma'aikacin hukuma yake zaune, ba sa kai shi kasuwa. Wani zai ce, nawa ne mai ƙugiya ɗaya zai kama? Gaskiya ne, kaɗan ne idan aka gwada da saiko, kuma ba ni ganin su ne suka tsadar da amane. Sai dai babban kifi suke nema, wanda ya fi zuba ƙwai, ga shi kuma suna zuwa wuraren da masu bincike ba su da kuɗin man zuwa. Bayaninsu yana da amfani fiye da yawansu.

A Amurka, inda masu irin wannan su suka kai miliyoyi, hukuma kan tare su a bakin ruwa ta auna abin da suka kamo, ta kuma aika wa gidaje takardar tambaya. A 2018 ta bar buga wayar gida ta koma ga wasiƙa, don mutane sun daina ɗaga wayar. Mu ba mu buƙatar duk wannan. Ko a Argungu, su na gasa ba ya cika sai an ɗora kifi a sikeli gaban jama'a. Kowane jirgin haya a Ada ya ajiye littafi: rana, wuri, awa nawa, me aka kama, me aka saki. Har ranar da aka dawo hannu rabbana a rubuta, don ita ce ke nuna ruwa ya fara ƙarewa. Mai fatsa kuwa hoto ɗaya ta WhatsApp ya isa, in hukuma ta tanadi lamba.

Abin da ke hana mutane ba da bayani sananne ne: tsoron haraji. Wannan nauyin hukuma ne, ta raba mai ƙidaya da mai karɓar kuɗi, ta kuma dawo wa jama'a da sakamakon a rediyo cikin Ga da Twi da Hausa. Ku kuma iyayenmu mata masu sayar da kifi, kun fi kowa sanin watan da kwando ya ragu da shekarar da kifin ya ƙanƙance. Idan mai ƙidaya ya zo rumfarku, ku nemi ganin katin aikinsa, sannan ku faɗa masa gaskiyar abin da kuka saro.