Lemar da Ta Buɗe Ma Tana Kisa

Tun da bidiyon masu dirowa daga jirgin sama da lema ya fara yawo a wayoyin samari, musamman irin wanda ake ɗauka a Dubai, gardama ba ta ƙare ba a majalisun Kwanar Dangora da Tudun Wadan Dankadai. Za ka ga mutum ya taho daga sama a guje, ya karkata, ya shafi ruwan tafki da tafin ƙafa, ya ja layi mai tsawo a kan ruwan, sannan ya miƙe tsaye a kan ciyawa yana ɗaga hannu. Nan take majalisa ke rabewa biyu. Wasu su ce ganganci ne, duk ranar da lemar ta ƙi buɗewa shi ke nan. Wasu su ce a dubi ƙanƙantar lemarsa, ai gwani ke nan, babbar lema ta matsorata ce.

Duk ɓangarorin biyu sun yi kuskure, amma na biyun ne ya fi damuna, domin shi ne ke kai mutane kabari.

Maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Tun 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashe na dajin Falgore filin atisaye, kuma 'ya'yanmu na Bebeji da Kiru da Doguwa suna shiga soja, wasunsu har su kai ga kwas ɗin sojan lema a Jaji. Akwai kuma masu hali da ke fita Dubai ko Afirka ta Kudu ko Maroko, a ɗaura su a ƙirjin malami a diro da su sau ɗaya, su dawo abin ya shiga ransu, su koma su koya da kansu. Irin wannan ɗalibi, wata rana sai ya daina aron lemar makaranta ya sayi tasa, kuma a ranar ce yake yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi a wannan harka.

Batun ƙin buɗewa ba sai mun daɗe a kansa ba. Mai diro na wasa lema biyu yake goyawa, ta farko da ta ko-ta-kwana. A Amurka doka ta ce duk kwana 180 sai ƙwararre mai lasisi ya warware ta ko-ta-kwanar ya duba ya sake naɗewa, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Tun 1991 kuma akwai wata 'yar na'ura ƙirar Jamus mai suna Cypres, wadda idan ta ga mutum ya iso kusan mita 225 daga ƙasa yana ci gaba da faɗowa a guje, sai ta buɗe masa lemar ko-ta-kwana, ko da ya suma. Ƙungiyar masu diro da lema ta Amurka, USPA, ta ƙirga diro kusan miliyan 3.65 a shekarar 2023, mutum 10 suka rasu. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, shekara da shekaru rahotannin ƙungiyar na nuna cewa kaso mai tsoka na waɗanda ke mutuwa, lemarsu ta buɗe lafiya lau. Babu yagewa, babu igiyar da ta tsinke. Da lema mai lafiya a kansu suka daki ƙasa.

Dalilin yana cikin ƙirar lemar. Wadda muka saba gani a hotunan sojoji zagayayya ce, irin T-10 da sojan Amurka ya fara amfani da ita a shekarun 1950, mai faɗin ƙafa 35. Aikinta ta tare iska ta rage saurin faɗowa. Soja ba ya zaɓenta, ba shi ake yi, igiyar da ke maƙale a jikin jirgi ce ke buɗe masa ita, shi kuma an koya masa yadda zai haɗe ƙafafu ya mirgina idan ya taɓa ƙasa. Ta masu wasa daban ce. Fiffike ne na yadi, wanda Domina Jalbert ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1966: shimfiɗa biyu, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu zuwa aljihu bakwai ko tara, bakin gaba a buɗe, na baya a ɗinke. Iska ta kutsa ta gaba ta cika aljihunan, yadin ya yi tauri ya zama fiffike. Don haka mai ita tuƙi yake yi. Yana da linzami biyu, ya ja na dama ya yi dama, ya ja na hagu ya yi hagu, ya ja duka biyun a lokaci guda ya taka birki. Saukar lafiya ta dogara ne a kan jan birkin nan a daidai lokacinsa, 'yan mitoci kaɗan kafin ƙasa.

Girman lema da murabba'in ƙafa ake auna shi. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu murabba'in ƙafa 144 ne. Lemar ɗalibi takan kai 230 zuwa 280, wato ta doshi ɗaki biyu. Daga nan lambobin ke gangarowa: 210, 190, 170, 150, 135, 120, har ƙasa da 100 a hannun masu gasa. A 2014 wani ɗan Benezuwela, Ernesto Gainza, ya sauka a Dubai da mai murabba'in ƙafa 35, ba ta ma cika katifa shida shida ba. Irin wannan ake gani a ɗauka can ne kowa ya nufa.

Lambar da ke jikin lema ita kaɗai ba ta faɗi komai ba sai an haɗa ta da nauyin mai ita. Lissafin da masu harkar ke yi shi ne a auna mutum da dukan kayansa a laba, a raba da girman lemar. Saurayi mai kilo 75, idan ya goya kayan kilo 12, ya zama kusan laba 190. Ya ɗauki lema 190, kowane murabba'in ƙafa na ɗauke da laba 1. Ya koma 150, ya zama 1.27. Ya sauka 120, ya kusa 1.6. Shawarar USPA ita ce mai lasisin A, wanda ake samu bayan diro 25, da mai lasisin B na diro 50, kada su wuce 1. Mai lasisin C, wanda ya yi diro 200, kada ya wuce 1.2.

A nan ne mutane ke ruɗar kansu. Suna ganin daga 190 zuwa 150 ɗan ragi ne. To, idan aka ninka nauyin da ke kan fiffike sau biyu, gudunsa na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100, amma ƙarfin dukan da jiki zai sha idan an yi karo, shi ninkuwa yake yi cif. Duk wanda ya taɓa ɗora buhu biyu na masara a bayan babur ya bi kwanonin hanyar Falgore ya san wannan a jikinsa. Babur ɗin dai shi ne, hanya ita ce, amma birkin da ke tsayar da kai jiya yau sai ya ja ka gaba, kwanar da kake sha da hannu ɗaya yau ita ke neman fitar da kai daji, kuma ramin da da za ka kauce masa yanzu kafin ka gan shi ka faɗa. Wanda ya shekara goma a kan hanyar yana iya wannan lodin. Wanda ya koyi babur bara ma yana iyawa, muddin akuya ba ta tsallako ba. Haka ƙaramar lema take. Ranar da iska ta daidaita, fili ya zama fetal, kusan kowa zai sauka da ita a tsaye, ya ce ai na iya. Ba don irin wannan rana ake zaɓen lema ba.

Kwana ce ke kisa. Lema idan ta juya, hancinta ƙasa yake yi, mutumin da ke rataye ya yi lilo zuwa gefe, su biyun su nufi ƙasa tare, kuma sai an ba ta tazara kafin ta dawo saman kansa. Babbar lema 'yan mitoci take ci ta farfaɗo. Ƙarama tana cin tazara mai yawa, cikin lokaci kaɗan. Sai ka ga mutum ya kusa sauka, ya hango wayar lantarki ko wani mai lema ya gitta masa, ya fizgi linzami ɗaya da ƙarfi don ya kauce. Da babbar lema wataƙila ya tashi da targaɗe. Da ƙarama, shi da lemar kan isa ƙasa a lokaci guda, ƙugu da cinya su fara.

Akwai wani abin da lissafin laba ba ya nunawa. Ƙaramar lema igiyoyinta gajeru ne, don haka tana amsa linzami da sauri fiye da babba, ko da nauyin da ke kansu daidai yake. Siririn yaro ko mace marar nauyi na iya yin lissafi su ga 135 ta ba su laba 1, su ɗauka sun bi ƙa'ida. Shi ya sa USPA ke ɗaukar duk lemar da ba ta wuce 150 ba a matsayin ta ƙwararru, komai rashin nauyin mai ita. Siffa ma haka. Mai kusurwa huɗu tana da haƙuri, mai tsukakkun gefuna kuwa zafin nama gare ta, kuma idan igiyoyinta suka murɗe wajen buɗewa takan shiga juyi da mutum har sai ya yanke ta. Malamai na hana a sauya girma da siffa a lokaci guda.

Sai yanayin ƙasarmu. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma ta kan tudu. Yankin Bagauda da Tiga ya kai kusan mita 500 sama da teku, duwatsun Riruwai sun fi haka. Da rana tsaka a watan Afrilu, zafi na kai maki 40, fiffike zai ji kamar yana tashi a tsayin mita 1,500. Gudunsa ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, tamkar an rage wa mutum lamba guda bai sani ba. Wanda ya koyi sauka a bakin teku da sanyin safiya, ya zo nan da lemar da dama iyakar iyawarsa ke nan, ya riga ya wuce iyaka. Ga kuma guguwar bazara da ke tasowa a gonakin da aka share, wadda ke iya murƙushe lema dab da ƙasa, ga hazon hunturu da ke ɓoye fili.

Kafin malami na ƙwarai ya yarda ɗalibinsa ya rage lamba, sai ya ga ya ƙure wadda ke hannunsa. Ya sauka da ita a inda aka nuna masa, sau da yawa a jere. Ya sauka babu iska, ya sauka iska na bugunsa ta gefe. Ya iya juyawa da rabin birki ba tare da lemar ta nutsa ba, domin wannan ce dabarar da ke ceton wanda ya hango waya a makare. Sannan a rage lamba guda tak, a ari irinta a gwada kafin a biya kuɗi. Ni a ganina tsadar kayan ce babbar mai ingiza mutanenmu. Dala ake biya, sai mutum ya ce bari ya sayi wadda zai daɗe da ita, ko ya tsinci ta hannu mai araha a intanet ya rufe ido a kan lambarta. Da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, za su fitar da bayani cikin Hausa tun kafin wani ɗan kasuwa ya share fili ya ce ya buɗe wurin diro, da sun yi aikinsu a kan lokaci. Mun saba sai an yi rashi ake kafa kwamiti.

Ƙaramar lema kuma ƙaramar jaka take so, ƙaramar jaka ba ta ɗaukar sai ƙaramar ko-ta-kwana. Ita ce kuwa wadda mutum zai tsinci kansa a ƙarƙashinta yana kusa da ƙasa, nesa da filin sauka, wataƙila da gocewar kafaɗa. Idan a sume yake na'ura ta buɗe masa, babu mai jan birki, da cikakken gudunta za ta ajiye shi. Don haka malamai da yawa ke cewa a fara zaɓen ta ko-ta-kwana da girman da jiki zai iya jurewa ko ba a taɓa linzami ba, sannan a nemi jakar da za ta ɗauke ta, lemar farko ta zo daga baya.