Hasken Rana, Tsoffin Firji da Ozon a Saman Tamale

Hasken kowane tauraro, har da ranarmu, yana ɗauke da sashen da ido ba ya gani, wato ultrabayolet, mai ƙarfin tsinka ƙwayoyin iska. Tsakanin kilomita 15 da 35 sama da doron ƙasa yakan raba ƙwayar oksijin biyu, kowane ɓari ya manne da wata ƙwayar ya zama ozon, shi kuma ozon ya tare mafi yawan wannan haske mai ƙona fata. Haka Sydney Chapman ya bayyana a 1930. A duniyar Zuhura ma, masana na ganin wannan haske ne ya wargaza tururin ruwa har haidurojin ya tsere, ta bushe ƙurmus.

A Janairun 2023 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ozon da ya ragu zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a saman Antatika kuma wajen 2066. An yi murna, amma murnar ta yi sauri, domin gubar ba ta ƙare ba.

Gubar ita ce gas ɗin CFC na tsoffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki. A ƙasa ba ya ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke shi, sai ya yi ta hawa har inda ultrabayolet zai fasa shi ya saki kulorin. Ƙwayar kulorin ɗaya na iya lalata ƙwayoyin ozon har 100,000. Mario Molina da Sherwood Rowland sun yi wannan gargaɗi a 1974, aka ga ramin ozon a saman Antatika a 1985, aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal ta hana ƙera gas ɗin a 1987.

Tamale, a arewacin Gana, tana daraja 9 arewa da ikwaita, yankin da iska ke hawa zuwa wannan sashe na sama, kuma ozon ba shi da kauri a nan kamar a ƙasashen sanyi. Gana ta hana shigo da firji na hannu tun 2013, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan a gidaje da shagunan gyara. Duk mai gyaran da ya huda bututu ya bar gas ya fita, ya aika da gubar da za ta iya shekara 100 a sama.

Akwai masu ɗora laifin raguwar ozon kan aman wutar duwatsu da sauyin ƙarfin rana. Gaskiya ne aman dutsen Pinatubo ya rage ozon bayan 1991, amma cikin 'yan shekaru abin ya lafa, na CFC kuwa bai lafa ba.

Hana ƙera sabon gas ya yi aikinsa. Abin da ya rage shi ne hukumar kare muhalli ta Gana ta wadata masu gyara a arewa da na'urorin zuƙe tsohon gas, ta kuma tanadi wurin karɓarsa.