Ciwon kan nono a lokacin shayarwa

Ciwon kan nono zafi ne ko tsagewa da mai jego ke ji a kan nononta idan jariri yana tsotso. Ya fi samun masu haihuwar fari, musamman a makon farko bayan haihuwa. Idan ba a kula ba, yakan sa uwa ta rage shayarwa ta koma ba jariri ruwa ko kunu, abin da ke jawo masa gudawa da rama.

Dalilai

Babban dalilinsa shi ne jariri ya kama kan nono kaɗai, bai haɗa da baƙin da ke kewaye da shi ba. Sauran dalilan sun haɗa da cikar nono har ya yi tauri, yawan wanke shi da sabulu, cire jariri da ƙarfi yana cikin tsotso, da linzami a ƙarƙashin harshen jariri. Al'adar jinkirta shayarwa don gudun dakashi ma tana sa nono ya kumbura, kamu ya yi wuya.

Magani

Gyara kamu shi ne magani na farko. Uwa ta haɗa cikin jariri da nata, ta jira ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono. Ta fara da ɓangaren da bai cika zafi ba. In za ta cire shi, ta sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa. Bayan ya ƙoshi, ta shafa ɗigon nononta a wurin, ta bari ya sha iska. Idan nono ya yi tauri, ta tatse kaɗan kafin ta ba shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shayarwa cikin sa'a 1 da haihuwa, a kuma ba da nono zalla har wata 6.

A Zamfara

A ƙauyukan Tsafe da Bungudu, mata da yawa a gida suke haihuwa, don haka ungozoma da uwar mai jego ne ke fara ganin matsalar cikin kwana 40 na jego. Idan aka ga zazzaɓi, ƙullutu mai zafi ko mugunya, sai a garzaya babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, domin nono na iya yin ƙurji.