Zullumin Mai Dabba Sa'ad Da Take Hannun Likita

Akwai wani irin zullumi da mutane ke jin nauyin bayyanawa, watau wanda ke kama mutum sa'ad da dabbar da ya shaƙu da ita, ko dokin hawan salla, ko karen farauta, ko kyanwar da ke kwana a gindin gadon tsohuwa, ta gamu da mummunan rauni, aka kai ta asibitin dabbobi, aka ce masa ya koma gida ya saurara. Maƙwabta sukan yi masa ba'a, su ce a kan dabba yake wannan tagumi, alhali kuwa malaman hadisi sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba domin ta tsare kyanwa har yunwa ta halaka ta.

Saboda haka damuwar ba aibi ba ce. Abin tsoro shi ne abin da takan sa mutum ya aikata. Wani, don tsananin tausayi, sai ya faki idon ma'aikata ya ba dabbar abinci ana gab da yi mata tiyata, bai san cewa idan allurar barci ta kama ta tana iya yin amai, aman ya gangara cikin huhu ba. Wani ya kwance bandeji don ya ga yadda ciwon yake, ko ya zuba masa toka da baƙin mai. Mafi muni duka shi ne wanda zai ɓallo ƙwayar Panadol ya ɗura wa kyanwa, domin hantarta ba ta da ikon sarrafa wannan magani kamar ta ɗan Adam, ƙwaya guda tak tana isa ta kumbura mata fuska, dasashinta ya rine, numfashi ya gagare ta, har ta ce ga garinku nan. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ya kamata mai dabba ya sani, likitan da ya ƙi yi masa alkawari a kwana biyu ko uku na farko ba rowar magana yake yi ba, sai dai zubar jini a cikin ciki ba kullum take bayyana nan take ba. Maimakon sintiri a ƙofar asibiti, gara shi da likitan su tsai da lokaci guda a yini, ya tambayi abin da zai amfane shi: ta ci abinci, ta yi fitsari, dasashinta ja ne ko ya yi fari, nawa kuma jinyar za ta ci. In al'amarin ya fi ƙarfin asibitin garinsu, ya nemi a tura shi inda ake ɗaukar hoton ƙashi, kamar asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Amma fa karayar doki lamari ne dabam, gama nauyinsa kan haura kilo 300, ba ya jure doguwar kwanciya, ƙafar da ta rage tana ɗauke da shi kuma kofatonta kan kamu da ciwo; in likita ya ce babu dabara, kada a zarge shi da kasala.

Bayan an riƙi sababi sai tawakkali, tare da ɗan aikin da zai ɗauke hankali: a share wuri mai inuwa inda dabbar ba za ta yi tsalle ba, a gaya wa yaran gida gaskiya gwargwadon hankalinsu, shi kuma mai dabbar ya ci abinci ya yi barci, domin jinyar gaske sai an sallamo ta za ta soma. Ƙashin da ya karye yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, don haka, ya kai mai karatu, kada ka ga ta soma takawa ka yanke mata magani.