Mai Gara Ƙwallon da Ya Daina Garawa

A wasan kurket, wanda mutanen Indiya da Pakistan da Ingila ke matuƙar so, akwai ɗan wasan da ke rugowa a guje, ya wulwulo hannu ta saman kansa, ya sako ƙwallo zuwa ga mai riƙe da sanda. Ana kiransa bowler, amma sunan bai dace da aikinsa na yau ba. Tushen kalmar shi ne boule na Faransanci, wato dunƙulallen abu, kuma a Ingila tana nufin gara ƙwallo a ƙasa, kamar yadda yara ke gare-gare.

Haka kuwa aka fara. 'Yan kurket na farko garo ƙwallon suke yi bisa ciyawa, shi ya sa sandar dukan lokacin take da lanƙwasa a baki. Wajen shekarun 1760 aka soma cillo ta a iska, hannu yana ƙasa, sai sandar ta miƙe.

Daga nan hannu ya yi ta hawa, doka tana biye da shi. A 1835 ƙungiyar MCC ta Landan, mai tsara dokokin wasan, ta yarda a ɗaga shi zuwa kafaɗa. A 1862 alƙalin wasa John Lillywhite ya soke ƙwallon Edgar Willsher sau shida a jere a filin Oval saboda hannunsa ya haura kafaɗa. Willsher ya fice a fusace, abokan sana'arsa suka bi shi. A 1864 aka halatta abin da aka hukunta shi a kai.

Tsohuwar hanyar ta sake ɓullowa ranar 1 ga Fabrairun 1981 a Melbourne, a wasan Ostireliya da New Zealand. Ƙwallo ɗaya ta rage, New Zealand na neman maki shida don a yi kunnen doki, kuma ba sa samuwa sai an doka ƙwallon ta tsallake iyakar fili ba ta taɓa ƙasa ba. Sai kyaftin ɗin Ostireliya, Greg Chappell, ya umarci ƙanensa Trevor ya garo ta a ƙasa. Doka ba ta hana ba, amma rashin kunya ne tsantsa. Firaministan New Zealand, Robert Muldoon, ya kira shi aikin ragwanci, kuma ba a jima ba aka haramta gara ƙwallo a irin wannan gasa tsakanin ƙasashe.