Cutar Dankali da Gumakan Tunawa

A 1845 wata ƙwayar cuta mai kama da fumfuna, Phytophthora infestans, ta afka wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan. Da yake talakawa sun dogara ga iri guda, cutar ta bi gona-gona. Zuwa 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun rasu, fiye da miliyan 1 sun yi hijira.

A 1998 aka kafa gumakan tunawa a birnin Boston na Amurka: iyali ɗaya a rame, ɗaya cikin wadata. Masu suka na ganin nasarar baƙin ta danne tarihin matattu. Dalibi ya lura: ana cikin yunwar ana fitar da hatsi zuwa Ingila. Cuta ta ruɓar da dankali, amma talauci da tsarin mulki suka mai da abin yunwa.